Bututun Faiba Kusa da Layin Wuta: Amfaninsa da Iyakarsa

Aikina shimfiɗa bututun mai da gas da kula da lafiyarsu. Masu gina gidajen mai a Dutse da kewaye sukan tambaye ni dalilin da nake ba su shawarar bututun faiba, alhali ƙarfe aka sani. Daga cikin dalilan akwai wayoyin wutar da ke bi ta samanmu, irin babban layin TCN mai kilobolt 132 da ya taso daga Kano ya ratsa Dutse ya nufi Azare.

Wutar da ke gudana a waya tana haifar da maganaɗisu a kewayenta. Idan bututun ƙarfe ya jera da layin, sai ya ɗauki wuta ko da ba su taɓa juna ba, kuma gwargwadon tsawon jerawar, gwargwadon ƙarfinta. Wutar tana fita ta inda fentin kariya ya ƙwarzane, tana cin ƙarfen har ya huje. Ma'aikacin da ya kama bawul kuma tana iya jan sa. A ƙa'idar aikinmu, da zarar ta haura bolt 15 an shiga haɗari.

Faiba kuwa zaren gilashi ne da aka haɗa da ƙaron roba. Ba ya ɗaukar wuta, ba ya tsatsa, ga rashin nauyi. Amma kada a ɗauka shi ke nan an huta. Gogayyar mai a cikinsa tana tara wata wutar da ke iya ba da tartsatsi, don haka dole a jona kowane bawul da mahaɗin ƙarfe da ƙasa. Ba a masa walda, liƙa shi ake yi, gaggawa ko ƙura kuwa suna ɓata liƙi. Diga tana fasa shi. A shimfiɗa masa yashi mai laushi, a binne ƙyallen gargaɗi a samansa.

Ba kuma ko'ina ya dace ba. Bututun gas na AKK, daga Ajaokuta zuwa Kaduna da Kano, mai tsawon kilomita 614 da faɗin inci 40, na ƙarfe ne saboda tsananin matsin gas. Irinsa kariya ake ƙara masa.

Kafin a haƙa rami, a auna tazara: layin 132 yana da haramin mita 30, wato 15 kowane gefe. A kuma nemi injiniya ya auna wutar wurin, sannan a zaɓi bututu.