Ɗamarar Kujera Tsakanin Tsautsayi da Riga-kafi: Nazarin Harshen Faɗakarwa Kan Haɗurran Mota a Ƙasar Hausa

Tsakure

Wannan maƙala ta dubi dalilin da ya sa ɗaura ɗamarar kujerar mota bai zauna da gindinsa a tsakanin direbobi da fasinjoji a ƙasar Hausa ba, duk da cewa doka ta daɗe da wajabta shi. An fara da bayanin aikin da ɗamarar ke yi a jikin ɗan Adam lokacin karo, sannan aka nazarci kalmomi da jumloli da karin maganar da Bahaushe ke ba da labarin haɗari da su. Maƙalar ta nuna cewa saƙon ya iso wa jama'a ne da harshen tara da kamu, alhali harshen yau da kullum yana ɗaukar haɗari a matsayin tsautsayi. Ta kuma nuna cewa a cikin Hausa da tunanin Bahaushe akwai kayan aikin da za a gyara saƙon da su.

Fitilun kalmomi: ɗamarar kujera, haɗari, tsautsayi, tawakkali, faɗakarwa

1.0 Gabatarwa

Rahoton da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a shekarar 2023 ya nuna cewa kimanin mutum miliyan 1.19 ne ke rasa rayukansu a kan hanyoyin mota duk shekara, kuma haɗarin hanya shi ne kan gaba wajen kashe yara da matasa 'yan shekara 5 zuwa 29. Kashi 92 cikin ɗari na wannan mace-mace yana aukuwa ne a ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi da masu matsakaicin ƙarfi. Yankin Afirka ne ya fi kowane yanki ɗanɗana kuɗa, inda ake rasa kimanin mutum 19 cikin kowane 100,000.

A Nijeriya an kafa Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, wato FRSC, a shekarar 1988, zamanin mulkin Janar Ibrahim Babangida, Farfesa Wole Soyinka ne kuma shugabanta na farko. Hukumar ta fara tilasta ɗaura ɗamarar kujera a farkon shekarar 2003. Sai dai duk wanda ya saba bin hanyar Kano zuwa Zariya ko ta Kaduna zuwa Abuja ya san abin da aka saba gani: direba ya hango jami'ai, ya jawo ɗamarar ya rataya a ƙirji, da ya wuce su ya sake ta. Wannan ɗabi'a tana nuna cewa a wurinsa ɗamarar maganin jami'i ce. Tambayar da maƙalar ta sa a gaba ita ce: wane rabo harshe ya ɗauka wajen gina wannan fahimta?

2.0 Taƙaitaccen Tarihin Ɗamarar Kujera

Ɗamarar da ake gani a motocin yau, mai riƙe ƙirji da ƙugu a lokaci guda, wani injiniya ɗan ƙasar Suwidin mai suna Nils Bohlin ne ya ƙirƙiro ta, kamfanin Volvo kuma ya fara sanya ta a motocinsa a shekarar 1959. Kamfanin ya bar wa sauran masu ƙera motoci damar amfani da fasahar. Amma sanya ɗamara a mota daban, ɗaura ta daban. Jihar Biktoriya ta ƙasar Ostireliya ce ta fara wajabta ɗaurawa a shekarar 1970. Birtaniya ta wajabta wa mazauna gaba a 1983, manyan da ke zaune a baya kuwa sai a 1991. A Amurka jihar New York ce ta buɗe fage a 1984. Ke nan ko a ƙasashen da aka ƙera motar, sai da aka shafe shekaru ana jan hankali kafin ɗamarar ta zama jiki. Tirjiyar da ake gani a ƙasar Hausa ba baƙuwar aba ba ce a tarihin wannan fasaha.

3.0 Aikin Ɗamara Lokacin Karo

Masana sun bayyana cewa a cikin kowane haɗari akwai karo uku. Na farko shi ne karon mota da abin da ta daka. Na biyu shi ne karon mutum da cikin motar, domin motar ta tsaya amma jikinsa yana nan yana tafiya da gudun da take yi, har sai ya gamu da sitiyari ko gilashi ko bayan kujera. Na uku shi ne karon kayan ciki da ƙwaƙwalwa da bangon ƙirji da ƙoƙon kai. Ɗamara ba ta hana karon farko. Aikinta shi ne ta rage na biyu da na uku.

Lissafi mai sauƙi zai fito da girman lamarin. Wanda ya daki abu da gudun kilomita 50 a awa, daidai yake da wanda ya faɗo daga tsawon kusan mita 10, wato kamar daga saman bene mai hawa uku. Idan gudun ya ninka zuwa kilomita 100, ƙarfin bugun ninki huɗu yake yi, sai ya zama kamar faɗowa daga kusan mita 40. Haka kuma, jikin da ke tafiya da gudun kilomita 50 idan aka tsayar da shi cikin tazarar santimita 30, nauyinsa kan ninka fiye da sau 30. Yaro mai nauyin kilo 10 da ke kan cinyar uwarsa zai fizge daga hannunta da ƙarfin da ya haura nauyin buhun masara uku. Babu hannun da zai iya riƙe shi, komai ƙaunar mai hannun.

Ɗamara tana ɗora wannan ƙarfi a kan ƙasusuwan da suka fi juriya, wato ƙugu da ƙirji da kafaɗa, tana tsawaita lokacin tsayawar jiki, tana kuma hana mota ta yi jifa da mutum waje idan ta wuntsila. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa ɗaura ta na rage yiwuwar mutuwar mazaunin mota da abin da ya kai rabi. Jakar iskar da ke fitowa daga sitiyari ma an tsara ta ne ta yi aiki tare da ɗamara. Fasinjan baya kuwa, rashin ɗaurawarsa ba shi kaɗai yake shafa ba. Wani bincike da aka gudanar a Japan, mujallar The Lancet ta buga a 2002, ya gano cewa yiwuwar mutuwar mazaunin gaba da ya ɗaura ɗamara kan ninka kusan sau biyar idan na bayansa bai ɗaura ba.

4.0 Yadda Hausa ke Ba da Labarin Haɗari

Kalmar haɗari, ko hatsari a wasu kare-karen harshe, an aro ta ne daga Larabci, kuma tana ɗauke da ma'ana biyu: barazanar da ke tafe, kamar a ce hanya tana da haɗari, da kuma abin da ya riga ya auku, kamar a ce an yi haɗari. Ma'anar farko tana barin ƙofa ga hattara. Amma a bakin jama'a, musamman wajen jaje da ta'aziyya, kalmar da ta fi rinjaye ita ce tsautsayi, wadda karin magana ya ce ba ya wuce ranarsa. Wanda ya rasu akan ce ƙarar kwana ce, wanda ya tsira akan ce yana da sauran shan ruwa.

Ginin jumla ma yana bin wannan sawu. Akan ji mota ta ƙwace wa direba, taya ta fashe, birki ya shanye, haɗari ya rutsa da mutum goma. A duk waɗannan jumloli, mai aikatawa shi ne mota ko taya ko birki ko haɗarin kansa, mutum kuwa karɓau ne. Ba a cika jin wanda ya loda fasinja biyu a kujerar gaba ko wanda ya sayi tsohuwar taya ba. Wannan salo yana da hikimarsa ta zaman tare, domin yana kare mai rai daga zargi, yana kuma kwantar da hankalin wanda aka yi wa rashi. Illarsa ita ce idan ya fito daga zauren makoki ya shiga labarai da shirye-shiryen faɗakarwa, sai ya shafe wurin da mutum ke da ta cewa.

Matsalar ba ta Hausa kaɗai ba ce. A shekarar 2001 mujallar likitanci ta Birtaniya, BMJ, ta sanar da daina amfani da kalmar Ingilishi mai ma'anar tsautsayi a shafukanta, bisa hujjar cewa mafi yawan raunuka ana iya hango su, ana kuma iya kare su. Tun kafin nan William Haddon, wani likita Ba'amurke, ya raba haɗari gida uku: kafin karo, lokacin karo da bayan karo. Wannan rabo yana da amfani a nan, domin ko an sallama cewa aukuwar karon ta fi ƙarfin fasinja, girman raunin da zai samu yana da nasaba da abin da ya yi kafin mota ta tashi.

5.0 Tsakanin Ɗaura da Ɗaure

Har yanzu ba a tsayar da suna guda ga wannan abu ba. A tasha bel ake cewa, a kafofin watsa labarai kuma akan ji bel ɗin kujera ko maɗaurin kujera ko ɗamara. Kalmar bel ta aro ce, ba ta ɗauke da wani nauyi a zuciyar mai ji sai na tunawa da jami'in hanya. Ɗamara kuwa tana da tushe mai zurfi. Bahaushe kan ce wane ya ɗaura ɗamara idan ya shirya tunkarar babban al'amari, kuma aikin soja da na ɗan sanda aikin ɗamara ake kiran su. Kalmar tana tafiya da jarumta da shiri.

Aikatau ɗin da ake haɗawa da ita ma abin lura ne. Bisa tsarin giredin aikatau na Parsons, ɗaura tana giredi na 1, tana nufin sanya abu a jiki, kamar ɗaura zane ko rawani. Ɗaure tana giredi na 4, tana nufin hana motsi gaba ɗaya, ita ce ake yi wa dabba a turke da mai laifi a gidan yari. Saƙon da ya ce wa fasinja ya ɗaure kansa yana farkar da tsoron da yake da shi tun asali, na maƙalewa a cikin mota idan wuta ta tashi. Alhali haɗurran da ke zuwa da gobara ko nutsewa ƙalilan ne, kuma ko a cikinsu wanda bai suma ba shi ke iya buɗe ƙofa ya fita. Saƙon da ya ce ya ɗaura ɗamara kuwa yana sanya shi a matsayin mai shiri. Bambancin wasali guda ne, amma hoton da kowanne ke zanawa daban yake.

6.0 Tawakkali da Riƙon Sababi

Hujjar da aka fi kafawa wajen ƙin ɗamara ita ce ba ta hana mutuwa idan ajali ya yi. Wannan magana gaskiya ce a aƙidar Bahaushe Musulmi, kuma duk faɗakarwar da ta yi jayayya da ita ta faɗi tun kafin ta fara. Abin da ya dace shi ne a cika ta daga tushen da ta fito. Sanannen hadisin da Tirmizi ya ruwaito ya nuna cewa mutumin da ya yi tambaya ko ya saki raƙumarsa ya dogara ga Allah, an umarce shi da ya ɗaure ta sannan ya yi tawakkali. An kuma ruwaito cewa Manzon Allah (SAW) ya sanya sulke biyu ranar Uhudu. Halifa Umar ya juya da tawagarsa daga hanyar Sham saboda annoba, ya kuma bayyana cewa juyawar ma ƙaddara ce.

Karin maganar Hausa ya tanadi irin wannan. Wanda ya ce tsautsayi ba ya wuce ranarsa, shi ne ya ce riga-kafi ya fi magani, ya ce ba a fafe gora ranar tafiya, ya ce Allah ya ce tashi in taimake ka. Rukuni na farko na bayan aukuwa ne, aikinsa ba da haƙuri. Rukuni na biyu na kafin aukuwa ne, aikinsa sa shiri. Kuskuren yana faruwa ne idan aka ɗauko maganar zaman makoki aka yi ta a tasha kafin mota ta tashi.

7.0 Inda Harshe ya Tsaya

Gyaran lafazi ba zai wadatar shi kaɗai ba. Motar haya da aka loda wa mutum biyu a gaba, huɗu a baya, ba ta da ɗamarar da za ta ishi kowa, kuma a tsofaffin motoci da yawa ɗamarar baya ta lalace ko an tura ta ƙarƙashin kujera. Wannan batu ne na kuɗin mota da ƙa'idojin lodi, wanda ke hannun hukuma da ƙungiyar direbobi ta NURTW. Sannan fiye da rabin waɗanda ke mutuwa a hanyoyin duniya masu tafiya a ƙasa ne da masu kekuna da babura, waɗanda ɗamara ba ta shafe su ba. Haka ma waɗanda ke hawa saman kaya a manyan motoci. Ɗamara ɓangare guda ce a cikin tsarin da ya haɗa da rage gudu da hular kwano da gyaran hanya.

8.0 Kammalawa

Maƙalar ta nuna cewa amfanin ɗamarar kujera tabbatacce ne a lissafi da bincike, kuma abin da ya rage shi ne yadda ake isar da shi. Tana ba da shawarar a tsayar da ɗamarar kujera a matsayin suna, da ɗaura a matsayin aikatau, a rubuce-rubuce da shirye-shiryen rediyo. Masu rahoton haɗari su riƙa faɗin ko waɗanda abin ya shafa sun ɗaura ko ba su ɗaura ba idan an tabbatar, a kuma sanya malamai da shugabannin tasha cikin tsara saƙo tun daga farko. Majalisar Ɗinkin Duniya ta sa burin rage mace-macen hanya da rabi kafin ƙarshen shekarar 2030. Sassan nazarin Hausa a jami'o'i suna da rawar takawa a nan, ta hanyar tattara maganganun tasha da rubutun jikin motoci da sanarwar rediyo, a auna wace kalma ce ke sa fasinja ya miƙa hannu ya jawo ɗamara tun babu jami'i a gabansa.