Darasin Juma'a: Abin da Korona Ta Tona Game da Zamanmu

Darasin wannan mako a kan annoba ne, amma ta fuskar zaman jama'a. Likita yana tambayar yadda ƙwayar cuta ke shiga jiki da abin da zai kashe ta. Masana ilimin zamantakewa kuwa tambayoyinsu daban ne: ta wace hanya cutar ta bi, wa aka ɗora wa laifi, wa ya samu magani, wa ya kwana da yunwa? Wannan ilimi ba baƙo ba ne a gare mu. Ibn Khaldun, wanda da yawa ke ganin shi ya aza harsashinsa, yana saurayi a Tunis annobar wajen 1348 ta ɗauke mahaifansa biyu da malamansa da dama, daga baya kuma ya yi bayani a littafinsa Muƙaddima kan yadda ta rage jama'a ta raunana dauloli.

Annoba dai hanyar fatake take bi. Murar 1918, wadda tsofaffi ke kira marisuwa, ta jirgin ruwa ta sauka a nan Legas, sannan ta bi layin dogo da koguna ta shiga cikin ƙasa. Korona kuwa ta jirgin sama ta zo: ranar 27 ga Fabrairu 2020 aka tabbatar da mutum na farko, wani ɗan Italiya. Da yake waɗanda aka fara jin ta kama masu fasfo ne da manyan gwamnati, har Abba Kyari ya rasu ranar 17 ga Afrilu, sai talaka ya yanke hukunci cewa wai cutar masu kuɗi ce. A cikin watan nan ne fa masu haƙar kabari a Kano suka fara cewa gawawwakin da ake kawo musu sun wuce yadda suka saba, galibi kuma dattawa.

To, mu zo kan kulle. Daga 30 ga Maris aka rufe Legas da Abuja, Ogun ta biyo baya, ba a sassauta ba sai 4 ga Mayu. Umarnin shi ne kowa ya zauna a gida, ya ba da tazara, ya riƙa wanke hannu. Ku duba abin da wannan umarni ya ɗauka kowa yana da shi: ɗaki mai fili, abinci a ajiye, ruwa a famfo, albashi a ƙarshen wata. Ma'aikacin banki ya buɗe kwamfuta ya ci gaba da aikinsa a falo. Mai shayi fa? Mai dako a Mile 12, mai wankin takalmi, mai yankan farce, ɗan garuwa, duk sai sun fita da safe suke ci da dare. 'Yan acaba ma dama tun 1 ga Fabrairu aka hana su shiga wasu sassan gari. Samari takwas ko goma a ɗaki guda, wasu a rumfar kasuwa suke kwana, ina tazarar za ta fito? Dokar ɗaya ce, amma wani hutu ta zame masa, wani kuma yunwa. Hukumar kare haƙƙin ɗan Adam ta ƙasa ta ce a makonni biyun farko jami'an tsaro sun kashe mutum 18 wajen tilasta kulle, adadin da ya fi waɗanda cutar ta kashe a lokacin. Kuma idan hannun ɗan ci-rani ya tsaya a Agege, tukunya ce ta tsaya a ƙauyensu, domin ɗan abin da yake aikawa shi ke riƙe da gida.

Sai batun tsangwama, wanda mu mazauna kurmi ya fi shafa. Duk inda annoba ta sauka, jama'a kan nemi baƙo su jingina masa. A Amurka an riƙa tsangwamar 'yan asalin Asiya. A birnin Guangzhou na ƙasar Sin, cikin Afrilun 2020, an fitar da 'yan Afirka daga gidajen haya da otal, har da 'yan kasuwarmu na Najeriya. A nan gida, da aka hana tafiya tsakanin jihohi aka bar motocin abinci, sai aka riƙa tare tireloli ana fito da samarin Arewa daga tsakanin buhuna da shanu, ana ɗaukar hotonsu ana yaɗawa kamar su ne cutar. Kada mu yi saurin wanke kanmu: a Arewa ma gwamnoni sun yi ta kwasar almajirai a motoci ana mayar da su jihohinsu, aka kuma samu masu ɗauke da cutar a cikinsu. Mai rauni, marar mai tsaya masa, shi ake fara ɗauka a jefar, ko a Kudu ko a Arewa.

Me ya sa mutanenmu da yawa suka ƙi rigakafi? Masu cewa jahilci ne kawai sun sauƙaƙa maganar. Kanawa ba su manta da 1996 ba, lokacin da kamfanin Pfizer ya gwada maganin Trovan a kan yara wajen 200 ana tsakiyar annobar sanƙarau, 11 suka rasu, sai 2009 aka yi sulhu da gwamnatin jihar. Wannan tabo yana cikin abin da ya haifar da ƙin allurar shan inna a 2003. Ga kuma rumbunan kayan tallafin korona da aka fasa a Oktoban 2020, jama'a suka ga buhuna jibge alhali sun sha yunwa. Wanda aka yi wa haka, ba ya yarda da sanarwa a rediyo. Duk da haka a ganina ƙin rigakafin mu ya cutar, domin ƙwayar cuta ba ta san wanda aka zalunta ba. Kuma wayar da ke hannunmu ba ta fi gwamnati gaskiya ba: a lokacin Ebola ta 2014 saƙon wanka da shan ruwan gishiri ya kwantar da mutane a asibiti, har an rasa rai.

Abin da ya riƙe mu a watannin nan shi ne abin da muka zo da shi daga gida. An rufe masallatai, azumi ya kama cikin kulle, babu tafsiri a bainar jama'a, maniyyatanmu kuma shekara biyu a jere, 2020 da 2021, ba su sauke farali ba. Amma maigida ya ci gaba da ciyar da yaran shagonsa, mata sun riƙe adashi, dillalai sun ɗaga wa juna ƙafa kan bashi, wasu sun fitar da zakka tun kafin lokacinta. Sai dai wannan taimako sanayya yake bi. Wanda ke da ubangida ko ɗan garinsu a kasuwa ya samu. Yaron da ya sauka daga mota wata biyu kafin kulle, ba wanda ya san sunansa, shi ya faɗa ta tsakiya.

Saboda haka muna roƙon shugabannin layuka da na sana'o'i, kowa ya rubuto sunayen sababbin zuwa, da zawarawa masu marayu, da dattawan da ke zaune su kaɗai a ɓangarensa, tare da inda suke kwana. A miƙa wa ladan bayan sallar Juma'a mai zuwa.