DARASI: YADDA AKE GANE MAGANI NA GASKIYA, DA HAƘƘIN WANDA AKE GWADAWA A JIKINSA

Godiya ta tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, wanda cuta da waraka suke hannunsa. Tsira da aminci su tabbata ga Annabinmu Muhammadu, da alayensa, da sahabbansa, da waɗanda suka bi tafarkinsu har zuwa ranar sakamako.

Bayan haka, ya ku ƴan'uwa Musulmi, wani magidanci daga cikin masu salla tare da mu ya tsai da ni bayan sallar Isha'i, ya ce: "Malam, likitoci sun zo garinmu, sun ce suna gwada wani sabon magani, suna neman iyaye su rubuta sunayen ƴaƴansu. Ya halatta in ba da ɗana?" Na ga tambayar ta fi ƙarfin amsar bakin ƙofa, shi ya sa na mai da ita darasin wannan fitowa, domin ta amfani shi da waninsa.

NA FARKO: NEMAN MAGANI YANA BUƘATAR SANI

Imamu Buhari ya ruwaito hadisi da ke nuna cewa kowace cuta Allah Ya sanya mata maganinta, kuma a ruwayar Imamu Ahmad an ƙara bayanin cewa akwai masu sanin maganin, akwai waɗanda suka jahilce shi. Abu Dawuda kuma ya ruwaito cewa mutumin da ya shiga yi wa jama'a magani alhali ba a san shi da wannan ilimi ba, to alhakin ɓarnar da ta auku yana wuyansa. Ke nan mas'alar tana komawa ga sani. To, ta yaya ake sanin cewa abu magani ne?

Kowannenmu ya ga mai tallan magani ranar kasuwa, da lasifika a kan mota, yana cewa kwalba ɗaya tana maganin basir da shawara da sanyi da ciwon suga. Hujjarsa ita ce: "Wane ya sha ya warke." Wannan hujja tana da rauni ta fuska uku. Ta ɗaya, cututtuka da yawa suna wucewa da kansu da izinin Allah, ko an sha magani ko ba a sha ba. Ta biyu, wanda ya sa rai ga magani yakan ji sauƙi a zuciyarsa alhali cutar tana nan. Ta uku, wanda ya warke shi ne ke dawowa kasuwa ya ba da shaida, wanda ya sha ya mutu kuwa ba a jin bakinsa.

Saboda haka masana suka ce ba a gane ƙarfin magani sai ta hanyar kwatanci: a ɗauki ƙungiya biyu masu cuta iri ɗaya, a bai wa ɗaya sabon maganin, ɗayar kuma a bar ta a kan abin da aka saba, sa'an nan a ƙirga. Hausawa sun ce gani ya kori ji.

NA BIYU: ABIN DA LIKITOCIN MUSULMI SUKA GABATAR

Kada wani ya zaci wannan hanya baƙuwa ce a gare mu. Abubakar Ar-Razi, likitan garin Rayyu da Bagadaza, wanda ya rasu wajen shekara ta 925 Miladiyya, ya ba da labari a cikin littafinsa Al-Hawi game da majinyatan da suka nuna alamun kumburin ƙwaƙwalwa. Ya fitar wa wata ƙungiya jini ta jijiya, ya bar wata ƙungiyar da gangan, domin ya ga bambancin da zai fito. Likitocin yau ba sa maganin wannan cuta da fitar da jini. Abin koyi a nan shi ne, babban likita bai dogara da zatonsa ba sai da ya kwatanta.

Ibnu Sina, wanda ya rasu a 1037, ya kawo sharuɗɗa bakwai na gwada magani a cikin littafinsa Al-Ƙanun. Daga cikinsu: maganin ya kasance zafi ko sanyi ko daɗewa ba su canza shi ba, a gwada shi a kan cuta guda wadda ba ta haɗu da wata ba, a fara da kaɗan sa'an nan a ƙara, a lura da lokacin da aikinsa ke bayyana, amfaninsa ya riƙa maimaituwa a kowane lokaci ko a mafi yawan lokuta, domin abin da ya faru sau ɗaya yana iya zama dace. Ya kuma ce dole a gwada a jikin ɗan Adam, saboda jikin doki ko zaki ya saɓa da namu.

NA UKU: YADDA AKE GWAJI A WANNAN ZAMANI

Sabon magani yana farawa ne daga ɗakin bincike da jikin dabbobi. Idan ya tsallake wannan, sai ya bi matakai huɗu:

1. A ba wa mutane kaɗan, gomomi kawai, galibi masu lafiya da suka yarda, domin a san ko yana cutarwa da gwargwadon da jiki ke ɗauka.
2. A ba wa majinyata, kamar ɗari ko ɗaruruwa, domin a ga ko yana da alamar amfani.
3. A kwatanta shi a kan ɗaruruwa ko dubbai da maganin da aka saba, ko da wani abu mai kama da shi wanda babu magani a cikinsa.
4. Bayan hukuma ta yarda a sayar, a ci gaba da sa ido, domin wata illa ba ta bayyana sai mutane masu yawa sun sha.

Kimanin ɗaya cikin goma ne kawai na magungunan da aka fara gwadawa a kan mutane suke kai wa ga samun izini. Sauran ana watsar da su.

A mataki na uku akwai dabaru biyu. Ta farko ita ce ƙuri'a: likita ba ya zaɓen wanda zai samu sabon magani, domin kada ya karkata ya ba waɗanda ya ga alamar za su tashi. Ƙuri'a kuwa sananniya ce a shari'a inda haƙƙoƙi suka yi daidai, kuma ya tabbata cewa Manzon Allah (S.A.W.) yana yin ta tsakanin matansa idan zai yi tafiya. Ta biyu ita ce ɓoyewa: majinyaci da likitan da ke duba shi duka ba su san ƙungiyar da yake ciki ba sai an gama, domin kada son zuciya ya shiga lissafi.

Da ƙuri'a aka gwada maganin tarin fuka mai suna sitireftomaisin a Ingila, aka fitar da sakamako a 1948. Cikin wata shida, mutum 4 suka rasu daga 55 da suka samu maganin, 14 kuma daga 52 da aka bari a kan hutun gado kawai. Amma inda aka yi sakaci, ga abin da ya biyo baya: ƙwayar talidomaid, wadda aka fara sayarwa a Jamus a 1957, mata masu ciki suna shan ta saboda laulayi, ta sa aka haifi jarirai fiye da 10,000 da naƙasar hannuwa da ƙafafu kafin a janye ta a 1961.

NA HUƊU: MISALI DAGA JAHAR MARAƊI

Zawo yana daga cikin manyan cututtukan da ke kashe ƙananan yara a ƙasarmu, kuma wata ƙwayar cuta da ake kira rotabirus tana daga cikin manyan sabubbansa. Yawancin rigakafi yana lalacewa idan babu sanyin firiji, ga shi kuwa ƙauyukanmu da yawa ba su da lantarki. Wani kamfani na ƙasar Indiya ya haɗa rigakafin da ake ɗigawa a baki, wanda yake jure zafi na watanni.

Daga 2014 aka gwada shi a gundumar Madarunfa, ta hannun ƙungiyar likitocin MSF da cibiyar bincikenta Epicentre, tare da ma'aikatar kiwon lafiya ta Nijar. An ba wa jarirai ɗigo uku, a sati na 6 da na 10 da na 14 bayan haihuwa. Cikin jarirai 3,508 da aka yi lissafi da su, wajen rabi sun samu rigakafin, rabi sun samu mai kama da shi. A sakamakon da ya fito a 2017, zawo mai tsanani na wannan ƙwaya ya kama yara 31 daga ƙungiyar rigakafi, ya kama 87 daga ɗayar. Ma'ana, rigakafin ya tsare kimanin biyu cikin uku na irin wannan zawo. A 2018 Hukumar Lafiya ta Duniya, wato OMS, ta amince da ingancinsa.

Ku lura da abu biyu. Na ɗaya, yara 31 sun kamu duk da rigakafin, kuma masu binciken sun rubuta haka ba su ɓoye ba. Wannan ita ce alamar mai gaskiya, saɓanin mai lasifika wanda maganinsa bai taɓa kasawa ba. Na biyu, yardar iyayen Madarunfa ta zama sababin amfanin ƴaƴan wasu ƙasashe, kuma muna yi musu fatan lada gwargwadon niyyarsu.

NA BIYAR: IDAN AMANA TA SAMU RAUNI

Tsoron mai tambayarmu yana da tushe. A Amurka, daga 1932 zuwa 1972, an bi diddigin baƙaƙen fata ɗaruruwa masu ciwon tunjere a yankin Taskigi ba tare da an gaya musu gaskiyar cutarsu ba, an kuma hana su fenisilin bayan an san yana warkarwa.

Kusa da mu kuma, a 1996, lokacin babbar annobar sanƙarau, kamfanin Pfizer ya gwada maganin Trovan a kan yara kimanin 200 a asibitin cututtuka masu yaɗuwa na Kano. Wajen rabi sun samu Trovan, sauran sun samu wani maganin da aka sani. Yara 11 suka rasu, 5 daga ƙungiyar Trovan, 6 daga ɗayar, wasu kuma suka naƙasa. Iyaye suka ce ba a bayyana musu cewa gwaji ne ba. Kamfanin ya musanta laifi, ya ce an nemi yarda da baki, kuma sanƙarau ne ya yi ɓarnar. Bayan shari'a mai tsawo, a 2009 aka yi sulhu da gwamnatin Kano a kan dalar Amurka miliyan 75.

Illar ba ta tsaya ga waɗannan gidaje ba. A 2003, da wasu jahohin arewacin Najeriya suka dakatar da rigakafin shan-inna, wannan labari yana cikin abubuwan da mutane ke ambata. Kafin Kano ta koma yin rigakafin a 2004, cutar ta bazu zuwa ƙasashe da dama da suka riga suka rabu da ita. Yaran da suka gurgunce a lokacin ba su san komai game da 1996 ba. Idan zargi ya shiga tsakanin likita da jama'a, marasa laifi ne ke biya.

NA SHIDA: SHARUƊƊAN HALACCI

Bayan ta'asar likitocin Nazi a yaƙin duniya na biyu, an kafa ƙa'idar Nurambag a 1947, sa'an nan sanarwar Helsinki a 1964, duka suna wajabta yardar wanda za a yi gwaji a kansa. Majalisar Fiƙihun Musulunci da ke Jidda, a zamanta na 1992, ta yanke cewa binciken likitanci yana buƙatar yardar mutum mai cikakken hankali, ba tare da tilas ba kamar halin ɗan kaso, ba tare da kwaɗaitarwa da kuɗi ba kamar halin matalauci, kuma kada ya jawo cuta. Game da yara malamai sun fi tsanantawa, domin ƙa'idar fiƙihu ita ce waliyyi ba ya yin tasarrufi a kan wanda ke ƙarƙashinsa sai da abin da yake maslaha ga shi yaron.

Don haka, duk wanda aka zo wa da irin wannan magana, ya tambayi abubuwa bakwai:

1. Wannan magani ne da aka riga aka tabbatar, ko gwaji ne? Rigakafin da ake yi wa yara wajen awo ya riga ya wuce waɗannan matakai, kada a haɗa su.
2. Wa ya ba da izini? Ma'aikatar kiwon lafiya da kwamitin ɗa'a na ƙasa sun yarda? Likitan garinmu ya sani?
3. Wace illa aka gani zuwa yanzu?
4. Wanda ƙuri'a ba ta ba shi sabon maganin ba, me zai samu? Ba ya halatta a bar mai cuta mai haɗari hannu wofi alhali akwai maganin da aka tabbatar.
5. Idan yaro ya samu matsala, wa zai yi jinyarsa, kuma wa zai biya?
6. Zan iya ƙi, ko in fita a tsakiya, ba tare da an hana iyalina magani ba?
7. Idan maganin ya yi kyau, mutanenmu za su same shi da farashin da za su iya?

A yi bayanin da Hausa, a gaban shaida wanda ba ma'aikacinsu ba. Kada ka dangwala yatsa a takardar da ba a karanta maka ba. Yardar mai gari ko liman ba ta maye gurbin taka, kuma ka shawarci mahaifiyar yaron, domin ita ce ke kwana da shi.

KAMMALAWA

Ga amsar ɗan'uwanmu: idan an amsa waɗannan tambayoyi a sarari, cutar kuma tana cikin waɗanda ke barazana ga ɗanka da tsararrakinsa, zuciyarka ta natsu, to shiga ya halatta. Idan ka ƙi, babu laifi a kanka. Idan kuwa suka yi fushi da tambaya, ko suka gaggauta ka, ko suka sa kyauta a gaba da bayani, to ka riƙe ɗanka, ka sanar da hukumar lafiya ta yankinku.

Kuma ma'aunin da muka auna baƙo da shi, mu auna na gida da shi. Mai ƙwayoyi a faranti cikin rana, da mai kwalba da lasifika, su ma a tambaye su: a kan mutum nawa aka gwada, nawa suka warke, nawa suka cutu? Ƴaƴanmu amana ce da za a tambaye mu a kanta.

Allah Ya ba marasa lafiyarmu lafiya, Ya jiƙan waɗanda suka riga mu, Ya sanya tsoronsa a zukatan likitocinmu. Allah ne Mafi sani.

Wassalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.