Ma'anar Kalmar Occult da Yadda A Ke Aiki da Ita

A cikin kalmomin Ingilishi masu ruɗa mai juya magana akwai occult. Asalinta daga Latin ne, harshen Rumawan dā, inda occultus ke nufin abin da aka rufe har ido bai iya ganinsa. Ta shiga Ingilishi cikin ƙarni na 16, da fari kuwa ma'anarta ɓoyayye kurum. Tsohuwar ma'anar nan ba ta mutu ba. In likita ya ce jini occult ne, nufinsa jinin da ke cikin bayan gidan mai ciwo wanda ba ya ganuwa sai an gwada da magani. Masu ilmin taurari kuma, in wata ya gitta ya rufe tauraro, occultation su ke cewa. Babu ko aljani guda a nan.

Amma tun cikin ƙarnin nan malaman Turai suka riƙa kiran duban taurari, da alkimiya, da sihiri da wannan suna. Wani Bajamushe, Koniliyas Agirifa, ya fid da littafi mai kashi 3 a kansu a 1533, mai suna De Occulta Philosophia. Sannu a hankali ma'anar nan ta rinjayi ta farko. In Bature ya sa the gabanta ya ce the occult, to, sihiri da duba da kiran ruhohin matattu ya ke nufi, galibi kuwa da ƙyama ko ba'a.

To, da wace kalma za mu juya ta? Mu da muka yi karatun allo, gaibu ke fara zo mana a baki, gama shi ma ɓoyayye ne. A ganinmu bai dace ba ko kaɗan. Gaibu Allah kaɗai ya san shi, ba a koyonsa wurin kowa, occult kuwa sani ne wanda mutum ke da'awar ya samu ta wurin malami, ko littafi, ko shiga ƙungiya. Farkon Suratul Baƙara ya yabi masu imani da gaibu, watau irin su mala'iku da ranar lahira. In ɗalibi ya so ya bayyana wannan ga Bature, ya ɗauko occult, ai ya shaida masa ke nan cewa Musulmi matsubbata ne, alhali bai sani ba. Masu fassara unseen su ke sa wa gaibu.

Kalmar da ta fi kusa ita ce asiri, wadda muka aro daga Larabci. Duba yadda tafiyarsu ta zo ɗaya. Mu kan ce Allah ya rufa asiri, watau abin ɓoye, mu kuma ce an yi wa wane asiri, watau sammu. Bugun ƙasa, da hisabi, da tsubbu duk suna shiga ƙarƙashinta.

Sai dai a lura, cult wata kalma ce dabam, ko da ya ke sun yi kama a kunne. Tushenta cultus, watau bauta, ba ta haɗa dangi da rufewa ba.