Amsoshin Tambayoyinku: Masu Adawa da Haraji a Jihohin Amurka

Wani mai sauraro daga Damagaram yana tambaya: me ya sa wasu Amurkawa ke neman a soke haraji, alhali da shi ake gudanar da makarantu da hanyoyi?

Waɗannan su ne masu ra'ayin taƙaita ikon gwamnati, kamar 'yan jam'iyyar Libertarian. A ganinsu, haraji karɓe dukiyar mutum ne da tilas, kuma 'yan kasuwa da ƙungiyoyin sa-kai za su fi gwamnati iya yi wa jama'a hidima. Da yake jihohi da dama sun yarda jama'a su tara sa-hannu a kai batu ga ƙuri'ar raba-gardama, sai suke bin wannan hanya.

A jihar Massachusetts, wata mai suna Carla Howell ta jagoranci neman soke harajin kuɗin shiga. A ƙuri'ar raba-gardama ta 2002, kusan kashi 45 cikin ɗari suka goyi baya. Da aka sake kaɗa ƙuri'ar a 2008, goyon bayan ya ragu zuwa kashi 30, bayan ƙungiyoyin malamai da ma'aikata sun yi gargaɗi cewa soke harajin zai durƙusar da makarantu, 'yan sanda da masu kashe gobara. Har yanzu jihar na karɓar wannan haraji.