Kafin Ka Ɗaga Sandar Golf, Ka Shirya Jikinka Tun Daga Gida

Ciwon kwankwaso shi ne koken da ya fi yawa a bakin masu buga golf don sha'awa, kuma sau da yawa daga kujerar ofis ake ɗauko shi. Mutum ya wuni a zaune tun daga Litinin har Juma'a, daga mota sai tebur, daga tebur sai mota. Ranar Asabar da sassafe sai ga shi a filin golf na Kano ko na Kaduna, ya zaro sandar da ta fi tsawo a jakarsa, ya murɗa jiki da iya ƙarfinsa. Jikin da ya kwana biyar a daskare ba zai yafe masa wannan ba.

Masu kallo daga nesa suna ɗaukar golf wasan hutu ne na manya. Wanda ya taɓa zagaye ramuka 18 a ƙafa ya san akwai aiki. Tafiyar kan kai kilomita 7 zuwa 10, cikin kimanin awa huɗu, a rana, ga hawa ga gangara idan a Rayfield ta Jos ne ko filin IBB na Abuja. Ga kuma bugun kansa, wanda bai cika daƙiƙa biyu ba amma yana tattara ƙarfin ƙafa da kwatangwalo da baya da kafaɗa a lokaci guda, kuma kullum ta ɓangare ɗaya ake juyawa. Ɗan koyo ya ma fi ƙwararre yawan bugu, tun da ƙwallonsa ba ta zuwa inda ya aike ta.

Abin da nake so mai karatu ya riƙe shi ne yadda Allah Ya tsara bayan ɗan Adam. Ƙasusuwan kwankwaso an yi su ne don ɗaukar nauyi da sunkuyawa, juyawarsu kaɗan ce ƙwarai. Wuraren da aka yi don murɗawa su ne kwatangwalo da gadon baya, wato sashen da ke tsakanin kafaɗu. To, yawan zama waɗannan wurare biyun yake fara sandarar da su. Idan suka ƙi juyawa, kuma mai bugu ya nace sai ƙwallo ta yi nisa, kwankwaso ne ke karɓar aikin da ba nasa ba. Daga nan ciwo yake farawa, yau ɗan tsami, gobe a kasa sunkuyawa a ɗaura takalmi. Shahararren ɗan golf Tiger Woods, da duk likitoci da masu horarwar da ke kewaye da shi, sai da aka yi masa tiyatar haɗe ƙasusuwan baya a 2017 kafin ya dawo ya ci gasar Masters a 2019. Kai da ba ka da ko ɗaya daga cikin waɗannan mutane, rigakafi ya fi maka sauƙi.

Rigakafin kuwa a ɗaki ake yin sa, minti 15 ya isa, sau uku a mako. Ka zauna a bakin kujera, ka ɗora sanda a kan kafaɗunka ta bayan wuya, ka haɗe gwiwoyi, ka juya ƙirji zuwa dama a hankali, ka dawo, ka juya hagu, sau goma kowane gefe. Haɗe gwiwoyin nan shi ne sirrin, don yana hana ƙugu satar juyawar, sai gadon baya ya yi aikin da kansa. Daga nan ka durƙusa da gwiwa ɗaya, ɗaya ƙafar a gaba, ka tura ƙugu gaba har ka ji gaban cinyar da ke ƙasa yana miƙewa, ka tsaya haka daƙiƙa 30, ka sauya ƙafa. Sannan ka kwanta rigingine, ka naɗe gwiwoyi, tafin ƙafa a ƙasa, ka ɗaga ƙugu sama ka sauke, sau 12. Wannan yana farkar da tsokar ɗuwawu, wadda daga ita ƙarfin bugu yake tasowa. Ka rufe da tashi da zama a kujera ba tare da dafa komai ba, da kuma tsayawa da ƙafa ɗaya na rabin minti. Wanda bai iya tsayawa da ƙafa ɗaya ba tare da tangaɗi ba, da wuya ya kammala bugu a tsaye daram.

Kada kowa ya ji kunyar ɗaga ƙarfe mara nauyi saboda shekaru. Gary Player, ɗan Afirka ta Kudu da aka haifa a 1935, ya rungumi motsa jiki tun zamanin da 'yan golf ke gudun ɗaga ƙarfe, ya ci manyan gasanni tara, kuma ya ci gaba da buga wasa har bayan ya haura shekara 80. Hukumar Lafiya ta Duniya ma shawararta ga baligi ita ce aƙalla minti 150 na motsa jiki matsakaici a mako, da kwana biyu na ƙarfafa tsoka. Tafiyar sauri ta minti 30 bayan Asuba, kwana biyar a mako, ta cika wannan adadin, kuma ita ce za ta hana ƙafafunka mutuwa a rami na 14.

Akwai wata matsala da ta fi damun mu nan Arewa. Da rani ƙasa takan bushe ta yi tauri, ciyawa ta ƙone. Idan kan sanda ya daki irin wannan ƙasa kafin ya sami ƙwallo, girgizar tana bi ta wuyan hannu ta sauka a gwiwar hannu, kuma maimaita hakan shi ke kumbura jijiyar wurin. Maganinsa biyu ne: ka ƙarfafa damtse da wuyan hannu ta hanyar matse jiƙaƙƙen tawul ko lanƙwasa wuyan hannu riƙe da gorar ruwa, sannan ka rage yawan ƙwallayen da kake bugawa a wurin atisaye idan ƙasar ta yi tauri. Ƙwallo 40 da natsuwa sun fi 150 da gaggawa. Ka kuma sassauta riƙo, domin yawancin masu koyo suna damƙe sanda fiye da kima.

Ranar wasa ka iso da wuri, ko da minti 20 ne. Ka ɗan yi tafiya da sauri, ka juya kafaɗu da ƙugu, ka fara da gajeruwar sanda da rabin bugu, a hankali ka hau zuwa doguwa. Fitowa daga sanyin mota kai tsaye zuwa bugun farko, musamman da sanyin hunturu, ita ce hanya mafi sauri ta samun targaɗe. Game da jaka kuwa, doka ta yarda da sanduna 14, kuma idan aka haɗa da ƙwallaye da ruwa nauyin kan wuce kilo 10. Ka ba mai ɗaukar jaka, ka kuma biya shi da kyau, ko ka ja ta a kan taya. Idan dole ka goya, to mai igiya biyu, kada ka rataya a kafaɗa ɗaya. Amma kai dai ka taka da ƙafarka muddin kana da lafiya, don rabin amfanin wasan a tafiyar yake.

Zafin Maris zuwa Mayu kuwa ba abin wasa ba ne, yakan kai digiri 40 a Kano. Ka fita da sassafe ko bayan La'asar, da hula mai faɗi, ka riƙa kurɓar ruwa a kowane rami tun kafin ƙishi ya kama ka. Ayaba, dabino ko gyaɗa a aljihun jaka sun fi lemon kwalba. Mai azumi ya taƙaita a ramuka tara da yamma, ko ya tsaya a atisayen gajeren bugu. Da damina kuma, da ka ji tsawa ka ajiye sanda ka bar fili, kada ka fake a gindin bishiya.

Wanda ya haura shekara 40, ko yake da hawan jini, ciwon sukari ko asma, ya ga likita kafin ya fara wannan tsari. Idan kana cikin wasa ka ji nauyi a ƙirji, jiri ko numfashi na sarƙewa, ka tsaya nan take ka nemi taimako. Haka nan ciwon bayan da ke sauka zuwa ƙafa, ko ya zo da mutuwar yatsu, ba na man zafi da maganin kemis ba ne. Don Allah ka je asibiti a duba ka kafin ka sake ɗaga sanda.