Jikin da ke danne HIV da kansa

A ɗakin gwajin jini inda nake aiki, tambayar da masu jinya suka fi yi mini ita ce: me ya sa wani ke ɗauke da HIV shekara da shekaru yana nan garau, wani kuwa ta kwantar da shi?

Ƙwayar HIV sojojin jini take farauta, waɗanda muke kira CD4. Mai lafiya yakan samu 500 zuwa 1,500 a awo. Idan suka faɗo ƙasa da 200, an shiga ƙanjamau. Wanda bai sha magani ba, yawanci shekara 8 zuwa 10 kan kai shi nan.

Amma akwai wasu tsiraru, ba su kai ɗaya cikin ɗari ba, da jikinsu ke danne ƙwayar har na'ura ta kasa ganin ta a jini, alhali ba su taɓa haɗiyar magani ba. Aikin wata runduna ce mai suna CD8. Duk ƙwayar halittar da HIV ta shiga takan ɗaga ɗan guntun cutar a bayanta, kamar tuta, sai CD8 ta gani ta hallaka ta. Da yawa daga cikin waɗannan mutane sun gaji wani sinadari, HLA-B57, mai ɗaga guntun da HIV ba ta iya sauya wa kama sai ta raunana kanta. Gado ne. Ba tsari ba, ba sassaƙe ba. Wata Ba'amurkiya daga cikinsu, Loreen Willenberg, an gano tana ɗauke da cutar a 1992, kuma a 2020 masu bincike suka lalube ƙwayoyin jikinta masu ɗimbin yawa, ba su samu HIV mai iya hayayyafa ba.

Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne yadda wasu masu tallar magani a kasuwa ke nuna mai ƙiba su ce sun warkar da shi. Ƙiba ba shaida ba ce. Ko masu baiwar danne ƙwayar ma, wasunsu daga baya garkuwar kan gaza, ƙwayar ta farfaɗo.

Tun 2015 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce duk wanda gwaji ya nuna yana ɗauke da ita ya fara magani, komai yawan CD4 ɗinsa. Don Allah, ɗan'uwa, kada ka ajiye maganinka don ka ji ƙarfi. Ka je asibiti a auna yawan ƙwayar a jininka.